Muhawara: Sasanci Kan Kasafin Kuɗi, Maslahar Ƙasa Ko Rabon Ganima?

Malamin Tarihi, Zariya:
Assalamu alaikum. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san da yawa daga cikinku ba za su yarda da ita ba, shi ya sa ma na kawo ta gabanku. A ganina, abin da ake kira sasanci tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki a kan kasafin kuɗi rabon ganima ne kawai, kuma duk shekarar da kasafi ya wuce lami lafiya ba a ji kansu ba, ita ce shekarar da ya kamata talaka ya fi jin tsoro. Majalisa ta takwas, wadda Bukola Saraki da Yakubu Dogara suka jagoranta daga 2015 zuwa 2019, ta sha zagi saboda jan ƙafa: kasafin 2016 sai a watan Mayu aka rattaba masa hannu, na 2017 sai ranar 12 ga Yuni, lokacin Yemi Osinbajo yana riƙon ƙwarya, na 2018 kuma sai 20 ga Yuni. Da majalisa ta tara ta zo ƙarƙashin Ahmad Lawan da Femi Gbajabiamila, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kasafin 2020 tun ranar 17 ga Disamba, 2019, aka yi ta tafi ana cewa an dawo da tsarin Janairu zuwa Disamba. To, wannan majalisar mai zaman lafiya ita ce a watan Mayun 2023, ana dab da miƙa mulki, ta amince a mayar da rancen naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta yi ta karɓa daga Babban Bankin Najeriya zuwa bashi mai dogon zango, alhali dokar bankin a lokacin ta ce irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Ni dai gara majalisar da za ta riƙe kasafi wata shida tana gardama a kan wadda za ta zama 'yar amshin shata.

Ɗan Kwangila, Gombe:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sani, amma wata shidan nan da kake faɗa da sauƙi, a wuyan wasu yake sauka. Kasafin da aka sa wa hannu a watan Yuni ba a watan Yuni ake fara aiki da shi ba, domin sai ma'aikatu sun tallata ayyuka, an buɗe takardun neman kwangila, an tantance, an ba da takardar izini, sannan a jira kuɗin somin-taɓi. Kafin a gama wannan, damina ta yi nisa, kuma duk wanda ya taɓa zuba ƙasa a hanya ko ya haƙa harsashin gini ya san abin da ruwan Agusta yake yi wa aiki. Na taɓa karɓar aikin magudanar ruwa daga wata ma'aikata a irin wannan shekara, na ci bashin banki na sayi siminti da rodi, ruwa ya hana mu aiki har Oktoba, kuɗin ruwan banki kuwa bai tsaya jiran rani ba. Leburori sama da goma na sallama a lokacin, waɗanda ba su san Saraki ba, ba su san Lawan ba.

Tsohon Akanta, Kaduna:
Ku biyun duka kun kama wani gefe na gaskiya, sai dai akwai alƙaluma biyu da nake so Malam ya duba kafin mu ci gaba. Ranar da Buhari ya sa hannu a kasafin 2018, ya fito fili ya ce majalisa ta zaftare naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ɓangaren zartarwa ya gabatar, ta kuma shigar da nata ayyuka 6,403 na naira biliyan 578. Wannan ita ce majalisar da ake yabo da gardama. Ranar 31 ga Disamba, 2021, da yake sa hannu a kasafin 2022, wannan shugaban dai ya sake kokawa cewa an shigar da sababbin ayyuka 6,576. Wannan kuma ita ce majalisar da ake zargi da biyayya. Idan da jayayya tana hana cushe, da mun ga bambanci tsakanin waɗannan alƙaluma biyu, amma sai muka ga ba su da maraba sai ta ƙasa da ɗari biyu. Abin da ya bambanta shi ne ranar sa hannu da yawan hayaniya, kuma a duka biyun shugaban ƙasa ya yi ƙorafi sannan ya ɗauki alƙalami.

Malamin Tarihi, Zariya:
Baba, na karɓi wannan gyara, kuma ban san alƙaluman 2022 sun kai haka ba. Amma hayaniyar nan da ka raina, ita ce kaɗai fitilar da muke da ita. Me ya sa 'yan Najeriya suka san kalmar cushen kasafi? Saboda a 2016 an ɓata tsakanin Abdulmumin Jibrin, wanda yake shugabantar kwamitin kasafi na majalisar wakilai, da shugabannin majalisar, ya fito ya yi zarge-zargen da suka musanta, daga ƙarshe aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A 2017 Babatunde Fashola, yana ministan ayyuka, ya fito ya ce an rage kuɗin hanyar Legas zuwa Ibadan daga naira biliyan 31 zuwa biliyan 10, majalisa ta mayar masa da martani, jama'a suka ji hujjar kowane ɓangare. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da sashen Hausa na BBC a kan wasu naira tiriliyan 3.7 na kasafin shekarar da ya ce bai ga ayyukan da aka ware su dominsu ba, majalisar dattawa da fadar shugaban ƙasa suka ƙaryata shi, aka dakatar da shi na wata uku. Ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, a makon nan mutanen da ba su taɓa buɗe kundin kasafi ba sun tambayi abin da ke cikinsa. Sai bango ya tsage muke iya leƙa ɗakin, shi kuwa sasanci aikinsa yaɓe tsagar.

Barista, Kano:
Da izininku, ina so in mayar da mu ga abin da doka ta ce, domin muna magana kamar sasanci wani zaɓi ne da 'yan siyasa suka ƙirƙiro don jin daɗinsu. Kundin tsarin mulki na 1999 ne da kansa ya raba mabuɗin baitulmali gida biyu. Sashe na 81 ya ɗora wa shugaban ƙasa nauyin shirya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa ya gabatar wa majalisa, sashe na 80 kuma ya hana a fitar da ko kwabo daga asusun gwamnati sai ta hanyar da majalisa ta amince. Wanda ya rubuta ba shi da ikon kashewa sai an amince masa, wanda yake da ikon amincewa ba shi ne mai aiwatarwa ba. Idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu cikin kwana 30, sashe na 59 ya ba majalisun biyu damar yin zaman haɗin gwiwa su zartar da dokar da rinjayen kashi biyu bisa uku, kuma samun irin wannan rinjaye ma sai an sasanta tsakanin jam'iyyu da shiyyoyi. Ta ko'ina ka ɓullo, sai ka zauna da wanda ba ka so.

Sannan ina da ja a kan kalmar cushe. A 2016 wata babbar kotun tarayya a Abuja, a ƙarar da Femi Falana ya shigar, ta yanke cewa majalisa tana da hurumin sauya ƙiyasin da aka kawo mata. Saboda haka idan ɗan majalisa ya kawo gyara a kwamiti, aka tattauna, aka kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa, aikinsa ya yi, ko da aikin bai yi mana daɗi ba. Laifi yana farawa ne idan aka shigar da abu bayan an tashi daga zaure, ko aka rubuta aikin da babu shi. Haɗa waɗannan biyun a kalma ɗaya yana taimakon mai laifi ne, domin yana ba shi damar fakewa da hurumin majalisa.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, Katsina:
Barista, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da nake ta neman yadda zan faɗa. Na yi shekaru ina shugabantar makarantar 'yan mata a ƙauye, kuma ajujuwa uku da rijiyar burtsatse da muka samu, ta hannun ɗan majalisarmu suka zo, cikin ayyukan mazaɓu da ake ta kushewa. Jami'in da yake zaune a ma'aikata a Abuja bai san da ƙauyen ba, ba kuwa zai taɓa sani ba, amma ɗan majalisa ya sani saboda akwai akwatin zaɓe a cikinsa. Idan sasancin da ake yi shi ne shugaban ƙasa ya samu gadarsa da layin dogonsa, ɗan majalisa ya samu ajujuwansa, ni ban ga abin kunya a ciki ba. Abin da ya dame ni daban ne: an gina mana ajujuwan, amma ba a turo malami ko ɗaya ba, domin ɗaukar malamai ba aikin wanda ya gina ba ne, kuma da injin rijiyar ya lalace bayan shekara biyu babu ofishin da ya yarda cewa gyaran nasa ne.

Ma'aikacin Jinya, mazaunin Amurka:
Malam, ina ganin ka yi wa gardama kyakkyawan zato ne saboda a Najeriya gardamar kasafi ba ta taɓa tsayar da albashi ba. A nan shekarar kuɗi tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma idan ranar ta zo majalisa ba ta amince da kuɗi ba, doka ta hana hukumomi kashewa, sai a rufe ofisoshi a tura ma'aikata gida, waɗanda aikinsu ya zama dole kuma su ci gaba da zuwa ba biya. A 2013 an yi kwana 16 a haka a kan dokar inshorar lafiya ta Obama. Daga 22 ga Disamba, 2018 zuwa 25 ga Janairu, 2019 an yi kwana 35 saboda Donald Trump ya dage sai an ba shi dala biliyan 5.7 ya gina katanga a iyakar Meziko, ma'aikata kusan 800,000 suka rasa albashi, kuma ba a buɗe gwamnati ba sai ranar da ƙarancin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama ya fara tsayar da jirage a birnin New York. A 2025 kuma an yi kwana 43, mafi tsawo a tarihin ƙasar har zuwa lokacin, har tallafin abinci na mutane sama da miliyan 40 ya shiga garari, kafin sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat su haɗa kai da 'yan Rifablikan a samu ƙuri'a 60 da ake buƙata a majalisar dattawa mai kujeru 100. Abin lura shi ne, a duka ukun, ɓangaren da ya hau kujerar na-ƙi bai samu abin da ya rufe gwamnati dominsa ba. Trump ya nemi biliyan 5.7, majalisa ta ba shi kimanin biliyan 1.4, sai ya ayyana dokar ta-ɓaci ya karkato kuɗin sojoji. An sasanta daga ƙarshe, a kan abin da tun farko za a iya sasantawa a kai ba tare da an bar kowa da yunwa ba.

Barista, Kano:
Wannan bambanci yana da tushe a doka. Sashe na 82 na kundinmu ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da fitar da kuɗin tafiyar da gwamnati har tsawon wata shida idan kasafi bai zama doka ba, muddin bai wuce gwargwadon abin da aka amince da shi a daidai wannan lokaci na shekarar da ta wuce ba. Shi ya sa albashi ba ya tsayawa, har da na 'yan majalisa da na ministoci, kuma shi ya sa kasafin 2017 da na 2018 suka samu hannu a watan Yuni, ana dab da cikar wa'adin. Abin da yake tsayawa shi ne sababbin manyan ayyuka, wato kason Alhaji na Gombe da leburorinsa.

Ɗan Zango, Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Ku bari in kawo abin da muka gani a Ghana, domin yana goyon bayan Malam ta wani gefe, yana kuma rushe shi ta wani gefen. Zaɓen 2020 ya ba jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin kujeru 137, jam'iyyar adawa ta NDC ma 137, da ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya wanda ya jingina da NPP, sannan Alban Bagbin na NDC ya zama kakakin majalisa. A watan Nuwamba na 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya kawo kasafin 2022 ɗauke da harajin kashi 1.75 cikin 100 a kan kuɗin da ake turawa ta waya, wanda mu a zango shi ne bankinmu, da shi mai sayar da koko take biyan mai gero, da shi ake aika wa iyaye kuɗi zuwa Tamale da Bawku. 'Yan adawa suka yi watsi da kasafin bayan masu rinjaye sun fice daga zaure, bayan kwana huɗu masu rinjaye suka dawo suka soke wancan hukunci a bayan idon 'yan adawa, kafin Kirsimeti kuma aka ba hamata iska a cikin majalisa, duniya tana kallo. Sai a ƙarshen Maris na 2022 aka zartar da harajin a kan kashi 1.5, daga baya aka sauke shi zuwa kashi 1, gwamnatin John Mahama kuma ta soke shi a 2025.

Da majalisar ta amshin shata ce, da kashi 1.75 ya wuce a rana ɗaya, nan Malam yana da gaskiya. Amma kashi 1.5 ɗin ma ba a zaune aka cimma shi ba, gwamnati ce ta rage da kanta, 'yan adawa suka fice ranar ƙuri'a. Harajin bai tara abin da aka yi hasashe ba, domin mutane sun koma riƙe tsabar kuɗi, kuma cikin 2022 ɗin ƙasar ta koma wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Watanni huɗu aka ɓata ana faɗa a kan haraji ɗaya, babu wanda ya zauna da ɗan'uwansa a kan bashin da yake shirin danne mu duka.

Tsohon Akanta, Kaduna:
Ɗana na Kumasi ya taɓo inda nake son zuwa. A kasuwa, idan mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, aka yi ta ja har aka sallama, kowannensu ya rage wani abu daga aljihunsa, shi ya sa cinikin yake da ma'ana. A teburin kasafi kuwa, masu cinikin biyu duka da kuɗin wani suke ciniki, kuma akwai hanyar da za a bi kowa ya tashi da abin da ya zo nema ba tare da ya saki komai ba. Hanyar ita ce a ƙara girman kasafin. Buhari ya kai kasafin 2018 a kan naira tiriliyan 8.6, ya fito a kan tiriliyan 9.12, kuma don a samu inda za a ce kuɗin zai fito, sai aka ɗaga hasashen farashin gangar mai daga dala 45 zuwa 51. A kasafin 2022 haka aka ɗaga shi daga dala 57 zuwa 62. Shugaba Bola Tinubu ya kai na 2024 a kan tiriliyan 27.5, ya sa hannu a kan sama da tiriliyan 28.7. A takarda kowa ya ci riba, kuma idan kuɗin da aka yi hasashe bai shigo ba, giɓin yana komawa bashi, wanda yaran da suke aji uku a makarantar Hajiya za su biya.

Akwai kuma mataki na biyu da jama'a ba sa gani, wanda na shafe shekaru ina kallonsa daga kan teburina. Dokar kasafi izini ce ta kashewa, ba tsabar kuɗi ba ce. Bayan an gama ɗaukar hoto a fada, sai magana ta koma hannun ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar, waɗanda suke yanke wane aiki za a sakar wa kuɗi da kuma yaushe. Albashi da biyan bashi su ne kan gaba, abin da ya rage shi manyan ayyuka suke rabawa. Saboda haka shugaban ƙasa zai iya yarda da ayyuka dubu shida a watan Disamba, yana sane da cewa shi ne zai zaɓi waɗanda za su ga kuɗi a watan Yuli, ɗan majalisa kuma ya yarda domin ya samu shafin da zai nuna wa mutanen mazaɓarsa. Na sha ganin aiki ɗaya yana dawowa cikin kasafi shekara huɗu a jere, kowace shekara a sakar masa abin da bai kai a kammala shi ba. Ku duba ma yadda aka yi ta ƙara wa'adin ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2023 har zuwa ƙarshen 2024, na 2024 kuma har zuwa ƙarshen 2025, sai ga ƙasa tana tafiyar da kasafi biyu ko uku a lokaci guda. Tsarin Janairu zuwa Disamba da aka yi wa guɗa ya tsaya a ranar sa hannu.

Ɗan Kwangila, Gombe:
Baba, wallahi ka faɗi abin da yake cikin fayil ɗina. Ina da takardar shaidar kammala aiki da injiniyan wata hukuma ya sa wa hannu, kuma duk lokacin da na je sai a ce mini ana jiran sakin kuɗi. Amma duk da haka ina nan a kan bakata cewa kasafin da ya fito a Disamba ya fi wanda ya fito a Yuni, ko ba komai ana tallata aiki da rani.

Barista, Kano:
Kafin Malam ya amsa, ina so ya duba Jihar Ribas, domin can ne aka gwada abin da yake fifitawa har ƙarshensa. A watan Disamba na 2023 Gwamna Siminalayi Fubara ya gabatar da kasafin naira biliyan 800 ga 'yan majalisa huɗu, ya tsallake 27 da suke tare da tsohon gwamnan jihar, Nyesom Wike. Bayan 'yan kwanaki aka yi zaman sulhu a fadar shugaban ƙasa, kuma cikin abin da aka rattaba wa hannu har da sake gabatar da kasafin ga cikakkiyar majalisa, amma yarjejeniyar ba ta ɗore ba. Aka koma kotu, har ranar 28 ga Fabrairu, 2025 Kotun Ƙoli ta umarci a dakatar da sakar wa jihar kuɗinta daga asusun tarayya sai an samu dokar kasafi daga halastacciyar majalisa. Ranar 18 ga Maris aka ayyana dokar ta-ɓaci, aka dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da majalisar baki ɗaya na wata shida, aka naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar. Kasafin Ribas na 2025 a Abuja aka zartar da shi, a majalisar tarayya. Mutanen jihar sun ji hayaniya iya hayaniya, amma a ƙarshe babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka zaɓa a matakin jiha da ya sa baki a kan yadda za a kashe kuɗinsu.

Malamin Tarihi, Zariya:
Na janye rabin maganata. Ban yarda in ce gara a yi ta faɗa ba bayan abin da Barista ta kawo na Ribas da abin da ɗan'uwanmu ya kawo daga Amurka, kuma alƙaluman Baba sun nuna mini cewa majalisa ta takwas ba ta kai matsayin da na ajiye ta ba. Amma rabin da ya rage ina riƙe da shi. Abin da Baba ya bayyana, inda ake ɗaga farashin mai a takarda don kowa ya samu kasonsa, bai cancanci a kira shi sasanci ba, tunda babu wanda ya haƙura da komai. Sasancin da zan girmama shi ne wanda za a ce ga iyakar abin da za mu kashe, kada a ƙara ko naira ɗaya, duk ɗan majalisar da yake son shigar da aiki ya nuna wanda za a cire, a kuma buga sunansa a gefen aikin. A nan ne za a yi ciniki na gaske, domin a nan ne wani zai ji zafi.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, Katsina:
Malam, idan aka yi yadda ka ce, ina tsoron aikin da za a fara cirewa shi ne na ƙauyen da ɗan majalisarsa sabon shiga ne, wanda ba ya shugabantar kowane kwamiti. Manya ba sa cire nasu. Alhaji Akanta, kai da ka zauna a ciki, a lokacin da kuɗi suka gaza, wa ake fara sakar wa?

Tsohon Akanta, Kaduna:
Hajiya, wanda yake da mai bin masa sawu. Fayil ɗin da shugaban kwamitin da yake kula da ma'aikatar ya yi waya a kansa yakan hau sama, domin babban sakatare ya san a gaban wannan mutumin zai je ya kare kasafinsa na baɗi. Ajujuwanki uku, idan an gina su an kuma biya ɗan kwangilar a shekarar, ina kyautata zaton ɗan majalisarku ba sabon shiga ba ne.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, Katsina:
Zangonsa na uku ne a lokacin. Wanda ya gaje shi ya yi mana alkawarin katanga, an kuma nuna mana ita a cikin kundin kasafi shekara biyu a jere, har na bar aiki ba a kawo bulo ko ɗaya ba.